Sunan da Uwa Ba Ta Kira

Matso kusa ka ji, wannan ba maganar ɗaga murya ba ce.

Ɗiyar ƙanena ta fari ta isa shiga firamare ba ta taɓa zama da kanta ba, balle magana. Kai ƙarami, hannuwa kullum a dunƙule. A asibiti an ce abin a jini yake, irin wanda ba kasafai ake gani ba, kuma ba shi da magani. Uwarta, Bafulatana daga wajen Sukuntuni, tuni ta daina tambayar magani. Abu guda ya rage mata, ni kaɗai take faɗa wa in muna surfe: yarinyar nan ta san ita ce uwarta kuwa?

Da aka ce wata likita ta zo Katsina, mai gwada abin da irin waɗannan yara ke ganewa, ni da ko kasuwar Kankiya ba na son zuwa na yafa mayafi muka tafi, har da innarmu, surukarta.

Ba allura, ba awon jini. A katifa likitar ta kwantar da yarinyar. Ta kaɗa ƙararrawa a bayan kunnenta, ta wuce da jan ƙwallo gaban idonta, ta kanga mata madubi. Kowanne sai ta jira, jira mai tsawo, har na fara gyara zama. Yarinya dai sama take kallo. Sai likitar ta ce uwar ta koma gefe ta kira sunanta.

Uwar ta kasa. Ɗiyar fari ce, ga suruka zaune. Tun ranar suna ba ta taɓa furta shi ba, "wannan" take cewa. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Na yi maza na kira, inna ma ta kira, yarinya ko gezau. Likitar ta ce ba muryarmu take nema ba, ta roƙe mu mu ɗan fita.

Ta bayan ƙofa na ji. Ko a nan ba ta faɗi sunan ba. Wani ɗan sauti ta yi da harshe, irin wanda ake lallashin maraƙi da shi. Ashe haka take mata in ɗaki ba kowa.

Da muka koma, likitar ta ce da uwar, "Idonta ya juyo wajenki, ya sake juyowa. Bai yi wa kowa haka ba. Amma ko shi ne sanin da kike nufi, ba zan iya rantse miki ba." Ta ce ta riƙa yi mata sautin nan kafin abinci, kafin wanka.

Daminar da ta biyo yarinyar ta rasu. Bayan sadakar uku, mutane sun watse, uwar ta riƙe min gefen zane a bakin madafa.

"Yaya, kin fi ni jin Hausar likita. Cewa ta yi ta sani, ko ba ta sani ba?"

Kai da ka ji duk abin da na ji, me za ka ce mata?