Kafaɗar Yaya Bakur

Wata Juma'a bayan la'asar, a hutun zafi na shekarar da na cika goma, Baba ya dawo unguwarmu Nuzla, can ƙasa mai tsarki, da farar ƙwallo mai jan ɗinki da tsohuwar safar hannu ta fata. Ban ruwan furanni yake yi a gidajen Amurkawa, can yaransu suka yar da su. Ya ce sunan wasan besbol, kuma mai jifa ne gwarzon fili. Yayana Bakur, da ya girme ni da shekara uku, ya jujjuya ƙwallon a tafinsa, ya maka ta a bangon maƙwabta. Har yau ƙarar tana kunnena.

Mai koyar da yaran Amurkawan ya ga jifansa, ya ce in ya dage zai sa shi cikin 'yan wasa bayan hutu. Tun daga nan Bakur bai sake hutawa ba. Da mun gama ɗiban ruwa sai lungu, ni in tsuguna da safar, shi ya yi ta jifa har kiran magariba. A filin Amurkawan ana ƙirga wa yaro jifansa, in ya kai a zaunar da shi kwanaki. Mu muka ɗauka ragwancin 'ya'yan hutu ne. Da kafaɗar ta fara ciwo, Umma ta shafa masa man zafi ta ɗaure da tsumma. "Tsamin jiki ne, ci gaba, zai sake," in ji Baba. Asibiti kuwa ba a zancensa, iƙamarmu, takardar izinin zama, ta mutu.

Wata yamma na ji wani abu ya yi ƙas, ba daga bango ba. Ƙwallon ta gangaro gabana a hankali. Bakur ya dafe kafaɗa, ya ce, "Halas, ta ƙare, Sale. Ɗauke ta."

Bara muka yi Hajji tare, dukanmu da furfura. A wurin jifan Shaiɗan hannunsa na dama ya ƙi wuce kafaɗa. Ya gwada da hagu, tsakuwar ta faɗi kusa da ƙafarsa. Sai ya juye sauran a tafina, bai dube ni ba. "Yalla, ƙanena, jefa mini."

Yanzu in ɗana ya ce hannunsa na ciwo, ƙwallo nake fara karɓewa. Da ma an karɓe ta Bakur.