Tsakanin "A Duba" da "A Taɓa"

Ko tsufa zai kwashe duk abin da ke kaina, ban ga ranar da zan manta da shekarar da na yi wa dillalin Kano wayo ba. Na ce wayo ne domin haka na riƙa gaya wa mutane a lokacin, kafin ayari ya dawo.

Abin ya faru tun kafin zuwan Nasara, zamanin ana ciniki da kuɗin wuri. Sana'ata a Haɗejiya banda ce: in sayi kifi a hannun masunta can wajen Baturiya, a ƙyafe shi, in sayar wa fatake. Tana rufa min asiri daidai gwargwado. Abin da ya hana ni tara abin kirki wata lalura ce da na ɗauka wurin Baffana, ƙanen mahaifina, wato tara hatimi. Duk wasiƙar da ta fito daga hannun wani babba, sarki ne ko alƙali ko shehin malami, akan buga mata hatimi a ka da tawada. In wasiƙa ta gama aikinta, mu sai mu nemi kan nan mu yanke, mu adana a gafaka. Ba a ci, ba a sha, ko ciwon kai ba ya warkarwa. Amma ka miƙo min wanda ba ni da irinsa, sai in wuni ina kallonsa.

Mu uku ne masu wannan ciwo a unguwarmu: ni da Baffa da wani abokina maɗinki. Hatiman kusa duk mun tattare su. Na nesa kuwa, irin na Borno da Agadas da Masar, sai ta hannun wani dillali da ke Kano, wanda babu ɗayanmu da ya taɓa ganin ko ƙeyarsa. Da farko mu ke aika masa ta bakin madugun ayari mu ce ga irin wanda muke so. Da ya gane inda muke da rauni, sai ya daina jiran aike. Ayari na sauka, madugu zai shigo zauren Baffa ya ajiye ƙunshi ya ce, "Ga shi in ji mutumin, a duba." Maganar kuɗi ba ta tasowa sai ka kwance, ido ya gani, zuciya ta kamu.

Bayan la'asar ba mu da hira sai zagin mutumin nan. Baffa ya ce, "Wannan ba hatimi yake yi wa kuɗi ba, mai saye yake yi wa. Tun da ya ji na sayi goɗiya, hatimin Borno ya ninka." Maɗinki ya ce, "Ai gara kai, Baffa. Ni na aika masa nawa ya saya, ya ce irinsa ya cika Kano har yara na wasa da shi. In nasa ne kuwa, guda ɗaya tak ya rage a duniya, shi ma wani Balarabe na nema." Ni da ba a taɓa aiko wa ba nakan ce, "To ku daina kwancewa mana!" Sai Baffa ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, baƙo ya zo har zaurenka, ka ƙi kallon fuskarsa?" Yana faɗa hannunsa na kan igiyar ƙunshin.

Ana nan sai nawa ya zo. Ayarin ƙarshe ne kafin damina, hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai ga madugu a ƙofar gidana, ba gidan Baffa ba. Ba zan ɓoye ba, daɗi ya kama ni, na ji na shiga sahun manya tunda har a Kano an san da ni. Ya ce a duba, na duba. A cikin tarin nan guda ɗaya ne ya burge ni, sauran tarkace ne. Na ce gobe in mayar masa. Gari na wayewa aka ce ayari ya tashi tun asuba, suna gudun ruwa.

Ruwa kuwa ya zo. Kogi ya cika ya tumbatsa, fadama ta shafe, ko Auyo za ka sai a kwalekwale, balle Kano. Danshi ya shiga ɗakina ya sami takardun nan, suka manne da juna, tawadar ta narke, har ba ka bambance hatimin sarki da na alƙali. Daga baya na gane ba tsautsayi ba ne. Mutumin ya san daminar ƙasarmu sarai, da gangan yake zaɓar ayarin ƙarshe.

Bayan kaka madugu ya dawo, na miƙa masa kayansu. Ya ɗaga da yatsa biyu ya ajiye. Ya ce, "Malam, ni ɗan aike ne. Ya ce abin da ya yi damina a gidan mutum ya zama ɗan gida." Sannan ya faɗi kuɗin, abin da zai sayi jaki har da mangalarsa. Na ce, "Ni na aika a kawo?" Ya ce, "Ba ka aika ba, amma ka duba."

Baffa ya ce in yi haƙuri in riƙa biya kaɗan-kaɗan, haka su ma suke yi. Na ce ni ba za a yi min haka ba. In ya san wata, ai bai san wata ba. Na kwana ina saƙa da warwara har dabara ta faɗo min: shi ma in aika masa abin da bai nema ba. In loda masa banda, ya kwance, ya ci, sannan in yanka masa kuɗin da na ga dama. Takarda ma an ce ba ta komawa, ina ga kifin da ya shiga miya? In cire kuɗin hatiminsa a ciki, sauran ya aiko min da shi.

Duk jarina na zuba. Na bi masunta na sayi tarwaɗa da ƙarfasa da ragon ruwa, na tsaya a kai aka ƙyafe su har suka yi ja, irin bandar da ban taɓa haɗawa ba. Maɗinki ya ce wallahi kaina yana ja. Baffa dai ya dubi kwandunan ya ce, "Ɗana, ka fara aika ɗaya mana ka ga kamun ludayinsa." Na ce, "Haba Baffa, kwando ɗaya ai sai ya ɗauka kyauta ce. So nake ya ji a jikinsa."

Ranar da ake ɗaura wa jakuna kaya na ja madugu gefe. Na ce, "Ka ajiye masa a gaban mutane, ka ce ga shi in ji ni, a duba." Ya fashe da dariya ya ce, "Kifi ake dubawa, Malam? Ai sai a ce na zautu." Ni ma na yi dariya, na ce, "To ka ce a taɓa." Ya dube ni ya ce, "A taɓa?" Na ce, "A taɓa. Kuɗi kuma kada ka ambata sai tukunya ta hau wuta." Ya ce to, ya kaɗa jakunansa. Yaro ƙarami ma ya san in an shigo da abinci gida aka ce a taɓa, me ake nufi. Ni ma da saninsa na tashi, amma ranar nan wayo ya toshe min kunne.

Na yi ta cika baki a gari har ayari ya dawo. Muna zauren Baffa madugu ya yi sallama, da sabuwar hula a kansa. Ko zama bai gama ba ya ce, "Malam, ka yi suna a Kano!" Na gyara zama. Ya ce da ya sauke kayan, dillali ya tambaye shi a gaban jama'a me aka ce ya ce. Ya faɗa. Dillali ya ce kunnensa ba ya ji sosai, ya ɗaga murya. Ya ɗaga. Nan take mutumin ya shiga gida ya fito da hular nan da goro ya ba shi tukwici. Ya tara maƙwabta ya raba musu bandar, ya kai wa malaman unguwa nasu, aka zauna aka yi wa mahaifina addu'a, Allah ya jiƙansa, tunda ya haifi ɗa mai alheri.

Na ce, "Kuɗin fa?" Ya ce, "Wane kuɗi? Na karɓi tukwici a idon duniya, in koma in ce a biya? Da wane bakin?" Na ce, "Don me ka karɓa?" Ya ce, "Subhanallahi, tukwici ake ƙi?"

Na miƙe na ce sai gaban alƙali. Baffa ya ce, "Zauna. Ka je ka ce masa me? Ka ce a dawo maka da addu'ar da aka yi wa ɗan'uwana?" Na koma na zauna. Baƙin ciki ya kama ni, don na san jarin shekaru ne ya tafi, kuma ko ƙara babu inda zan kai. Maɗinki ya sunkuyar da kai kan rigar da yake ɗinki, kafaɗunsa na rawa.

Madugu ya ce akwai sauran saƙo. Batun kuɗin hatimi, mutumin ya ce ba gaggawa, tunda yanzu zumunci ya shiga tsakani, ko bayan wata kakar ma ya isa. Sai ya sa hannu a aljihu ya zaro sabon ƙunshi ya ajiye a gabana. Ya ce, "A duba."

Nan wata dabarar ta sake faɗo min. Na fizge hular kaina na miƙa masa, na ce, "Madalla! Ga tukwici!" Kafin in rufe baki ya yi tsalle baya, ya maƙale hannayensa biyu a bayansa. Ya ce, "Ka yi min rai, Malam. Ya ce ko ruwa kada in sha a hannunka sai ka ji kuɗin." Haka na tsaya a gaban Baffana, kai ba hula, hannu a miƙe. Maɗinki ya kasa daurewa, ya fita waje da gudu, muna jiyo dariyarsa har bakin masallaci.

Ƙunshin nan ban kwance shi ba, a hannun madugu ya koma. Kuɗin na farko kuwa na biya shi har wuri na ƙarshe, ina dakon kifin wasu ina sayar musu, ni da a da nake da masu yi min dako. Na daɗe kafin in sake tsayawa da ƙafata.

Abin da na koya shi ne, kada ka shiga kokawa da mutum a fagen da ya tsufa a ciki, don wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi. Sannan a tsakanin mutanenmu kaya ba su da suna sai wanda baki ya raɗa musu a bakin ƙofa, kalma ɗaya ce ke raba haja da kyauta. Shi ya sa har yau in aka shigo min da abu, ko tuwo ne daga maƙwabta, ba na sa hannu sai na tambayi wanda ya kawo, "Me aka ce ka ce?" Jikokina suna ɗauka rikicin tsufa ne, ni kuwa na san nawa na sayi tambayar.