Ruwan Gishirin Hala Ramla

Wata safiya a cikin watan Muharram, 'yan makonni bayan alhazai sun watse, na farka na kasa buɗe idona. Idan lissafina daidai ne shekarar 1953 ce, ina da shekara bakwai, ko da yake ba ni da takardar haihuwa da zan kafa hujja da ita. Ina jin mai ruwa yana wucewa a lungu da garwa biyu a kafaɗa, ina jin akuyar maƙwabta tana tauna takarda a bakin ƙofa, amma kwantsa ta manne mini ido kamar an shafa ƙaro. Na sa yatsa na ɓamɓare, hasken da ke shigowa ta hujin kwanon ɗakinmu ya soke ni, na ƙwalla ƙara. Inna ta leƙo ta dube ni, ta ce, "Kai yaron nan, ka cika raki," ta koma wajen murhu. Ni ne ɗanta na fari da ya rayu, ba ta kiran sunana, ba ta kuma nuna damuwa da ni a gaban kowa. Amma ranar kunun da ta dama ya yi gudaji, abin da ban taɓa gani ba.

A unguwar Hindawiyya ta Makka muke a lokacin, cikin gidajen da mutanenmu suka haɗa da katako da garwar kananzir da aka buɗe aka miƙe. Baba maɗinki ne, ya taso daga Kano da ƙafa tun yana saurayi, ya yi shekaru a Sudan yana cirar auduga kafin ya tsallako teku. Aikina kullum shi ne in kai ƙullin burodi gidan gashi a kan faranti, in sayo gawayi, in cika wa Inna buta daga randa ba tare da na zubar da ko ɗigo ba, domin a Makka ta wancan zamani ruwa ba abin wasa ba ne. Idan na gama sai in ruga wajen yara, mu yi langa ko mu yi wasan ƙasusuwan gwiwar rago da muka tara bayan layya. Wancan lokacin na shekara shi ne na ƙuda, shi ne kuma na ciwon ido. Wasu yaran su warke cikin mako guda, wasu kuma farin tabo ya hau musu ido, shi ke nan. A lungunmu kaɗai akwai makafi uku, kuma ba wanda aka haifa haka a cikinsu. Baba ya riga ya yi mini maganar shiga makarantar gwamnati a shekarar, har ya ɗinka mini farar riga ya rataye.

Maganin Inna kwalli ne. Tana da wani tandu na fata da uwarta ta ba ta, da tsinke guda na ƙarfe wanda ya yi santsi saboda daɗewa. Da wannan tsinken take zizara wa kanta, ta zizara wa ƙanwata Hauwa, duk matar da ta shigo gidan ma ana miƙa mata. Ta zizara mini safe da yamma har kwana huɗu, ido sai ƙara kumbura yake yi.

A rana ta biyar Hala Ramla ta shigo aron rariya. Hala a Larabcin Makka tamkar a ce 'yar'uwar uwa ce, haka yaran lungu suke kiranta. 'Yar gajeruwar tsohuwa ce, mai saurin tafiya, ɗakinta yana jikin namu. Mu duk mai irin kamarta Jawa muke ce masa, sai da na girma na gane daga Kambodiya ta fito, daga wata ƙabila ta Musulmi da ke zaune a bakin kogi cikin mutanen ƙasar da ake kira Khmer. Ta zo hajji da ƙanenta, ya rasu a Mina, ta zauna tana wanki da guga a gidajen mutane. Ita da Inna da gurgun Larabci suke magana, rabi da baki rabi da hannu.

Ta tsuguna ta ɗaga mini fatar ido, ta ja tsaki, ta juya wajen Inna.

"Ya Hajja, me kike sa masa?"

Inna ta nuna mata tandu. Hala ta karɓa ta ɗora shi can saman ƙofa.

"Wannan, a'a. Kawo tukunya, kawo gishiri, hura wuta."

"Shayi za ki dafa masa?" in ji Inna. "Yaro na ciwon ido ki ce in hura wuta?"

Hala ta jawo tukunya. Ta tafasa ruwa da ɗan gishiri, ta yayyaga wani tsohon farin mayafinta ƙanana-ƙanana ta jefa su a wata tukunyar su ma suka tafasa. Ta wanke hannunta da sabulu har gwiwa kamar mai alwala. Da ruwan ya huce ta kwantar da kaina a cinyarta, ta goge idon dama da ƙyalle ɗaya daga gefen hanci zuwa waje, ta ajiye shi, ta ɗauki wani daban ta goge na hagu. Ta ware mini tsumman goge fuska da matashina ni kaɗai. Haka ta riƙa yi sau uku a rana, bayan asuba, bayan azahar, da kafin magariba. Inna kuwa tana kallon gawayin mako guda yana ƙarewa cikin kwana biyu.

Ruwan yana da zafi a ido, ni kuma ba na tsayawa, don haka sai ta riƙa ba ni labari don in natsu. Duk labarinta na gida ɗaya ne, inda ta yi aiki shekara goma sha wani abu tun tana budurwa. Gidan wasu Turawa ne masu wa'azin addinin Kirista, miji da mata da 'ya'ya uku, waɗanda suka baro ƙasarsu suka zauna cikin Khmer. Gidan katako ne a kan dogayen turaka saboda ambaliya, kaji da kwale-kwale a ƙarƙashinsa. Mijin yakan fita da sassafe a kan keke, da damina kuma a kwale-kwale, da jakar littattafai, ya dawo da yamma tsamo-tsamo da gumi. Ranar Lahadi yakan shimfiɗa tabarmi ashirin, mutum biyar ko shida su zo, biyu daga ciki ma don shinkafar da za a ci bayan an tashi. Ta ce shekaru suka yi a haka, bai fasa shimfiɗa ashirin ba.

Matar kuma a barandar gidan take zama kowace safiya, masu miki da masu ciwon ido su yi layi. Aikin Hala shi ne tafasa ruwa da ƙyallaye, kuma a nan ta koyi abin da take yi mini. Ta ce matar ba ta taɓa iya yaren sosai ba, 'ya'yanta ne suke yi mata tafinta, su da suke gudu ba takalmi da yaran gari, suna ɓuya bayan madafa su ci shinkafa da ruɓaɓɓen kifin da uwarsu ta hana. Wasiƙar gida takan yi watanni a hanya, idan ta zo a karanta ta sau uku a wajen cin abinci. Da babbar 'yar ta kai shekara shida aka tura ta wata makarantar kwana mai nisa a kan duwatsu, uwar ta yi kwana biyu tana goge kwanukan da ta riga ta goge. Ɗan autan kuwa zazzaɓi ya ɗauke shi, suka binne shi a bayan gida gindin mangwaro, washegari da safe matar ta fito baranda domin layi ya riga ya taru. Ranar da Hala ta ba da wannan labarin Inna tana tsince shinkafa, na ji hannunta ya tsaya. Ita ma ta binne ɗa a wani ƙauye na Sudan, wanda ba a ambatonsa a gidanmu.

Ba zan iya rantsewa cewa duk abin da na rubuta haka ta faɗa ba. Larabcinta kaɗan ne, nawa na yaro ne, kuma idona a rufe na ji, wataƙila na cike wasu guraben da kaina. Na bincika daga baya, na tarar lalle an yi irin waɗannan iyalai a ƙasar, kuma an kwashe su lokacin yaƙin Japan kamar yadda ta ce. Iyakar abin da zan iya tabbatarwa ke nan.

Labari ya kai kunnen Baba a shago cewa da maganin Nasara ake wanke wa ɗansa ido. Bai saba dawowa da rana ba, amma ranar ya dawo da azahar, ya tsaya daga bakin ƙofa ya yi sallama.

"Hajja, an ce a gidan Nasara kika koyi wannan aiki."

"Na'am."

"Suna karanta wani abu a cikin ruwan?"

"Gishiri suke sawa, ya Shehu. Ni kuma ina cewa Bismillah."

"Ba su ja ki addininsu ba?"

Ta yi dariya har haƙoranta biyu suka fito. "Mijin ya gwada sau ɗaya. Na ce masa ina da nawa. Matar ta saya mini tukunyata daban saboda naman alade, yaranta kuma ba sa gifta gabana in ina salla. Naka ɗan yana giftawa."

Baba ya nemi kujera ya zauna, ya kalli aikin tun daga hura wuta har shanya ƙyallaye. Da yamma ya shigo da buhun gawayi a kafaɗa.

Duk da haka idon bai yi sauƙi yadda Hala ta zata ba, har ta daina ba ni labari in tana aikin. Sai ga Hauwa ta tashi wata safiya da nata idon a manne. Hala ta dube ta, ta dawo ta buɗe nawa da kyau, ta shafo gefensa da farin ƙyalle, ga baƙi. Ta ɗaga ƙyallen a gaban Inna. Ashe duk lokacin da Hala ta fita wanki, Inna takan sauko da tandu ta zizara mini, sannan ta zizara wa Hauwa da tsinken don tsari. Ni na sani, amma ban faɗa ba, domin wannan ne kaɗai lokacin da Inna take riƙe fuskata da hannu biyu. Ba na ganin laifinta har yau. Da kwalli uwarta ta rene ta, ba ta taɓa jin an ce abin da ke gyara ido yana iya ɗaukar ciwo daga wannan ido zuwa wancan ba. Ta daɗe tana kallon ƙyallen, sannan ta ce, "Hajja, nuna mini yadda ake yi." Daga ranar ita take wanke mini da kanta, a tsakar gida, ko da baƙi.

Hala ta ƙara da wani abu guda. Ta ce ƙa'idar Baturiyar can ita ce, idan fari ya fara hawa baƙin ido, aikin baranda ya ƙare, sai likita. Mutanenmu a lokacin ba sa zuwa asibiti sai rai ya kai maƙogwaro, amma ta matsa wa Baba har ya rufe shago ya goya ni, tana gaba muna biye. Aka ba mu wani man shafawa a ɗan bututu. Bayan kamar mako uku kumburin ya saɓe. Hauwa ta warke sarai. Ni idon dama ya dawo lafiya, na hagu kuwa tabon ya riga ya zauna, haske da inuwa kawai nake gani da shi. Na shiga makaranta a makare da wata biyu, aka zaunar da ni a layin gaba. Likitocin da na tambaya bayan na girma ba su yarda su ce ga abin da ya ceci idon daman ba, ko man, ko wankin, ko raba ƙyallen. Ni ma ba zan yanke ba, sai dai na san wadda ta kai mu ga duka ukun.

Hala Ramla ta rasu ina ajin ƙarshe na sakandare, aka binne ta a Makka kamar yadda ta so. Yanzu jikokina idan ido ya yi musu ja, uwarsu ta tsaya a kantin magani ta sayo na ɗigawa, kwana biyu an manta. Ruwa yana zuwa ta famfo, kowa da tawul ɗinsa, kuma Hausata ma da ƙyar suke ɗauka, balle su zauna jin labarin wani gida a bakin kogi. A gidan da nake yanzu ban san daga ina maƙwabcina ya fito ba, ba kuma mai shigowa aron rariya. Abin da ya fi damuna shi ne duk tsawon shekarun nan ban tambayi Hala sunan Baturiyar nan ba. Ita da wata kalma ta yarensu take kiranta, mai nufin malama, ni kuma na ɗauka akwai sauran lokaci. Ba addininmu ɗaya da ita ba, ba ta taɓa jin labarina ba, wataƙila ma ta bar ƙasar tana ganin shekarunta sun tafi a banza. Da idon da ya rage mini na yi karatu har jami'a, da shi kuma na rubuta wannan.