Na Ce Wa Mama Ta Warke

A lokacin ni ce bakin Mama a London. Ba ta jin Turanci, don haka duk inda za ta, wurin likitan unguwa ko ofishin ƙaramar hukuma, ni ke gaba ina fassara, har kaina ya fara girma. Muna zaune a Plumstead, kuma a kan tudun unguwar ciwon ya fara. In ta hau sai ta tsaya ta dafe ƙirji, ta ce kamar an ɗora mata turmi. Aka gano jijiyoyin da ke kai wa zuciyarta jini sun tsuke, aka saka mata ɗan ƙarfen da ke buɗe hanya.

Ranar sallama likita ya yi bayani a natse. Ya ce an buɗe jijiya ɗaya, amma ciwon yana nan har ƙarshen rayuwa. In ta riƙe magani kullum, ta rage gishiri da mai, za ta iya yin shekaru masu yawa lafiya lau, in kuwa ta yi sake komai na iya faruwa. Mama ta zuba mini ido tana jira. Tsoro ya kama ni, sai na ce mata likita ya ce an gyara, ta warke. Ta yi hamdala, shi kuma ya yi murmushi, yana zaton saƙonsa ya isa.

Ni a wautata na ɗauka tunda ni ke karɓo maganin, shi ke nan. Ashe Mama ta daina sha, don a ganinta mai lafiya ba ya haɗiyar ƙwaya. Maganin da aka ba ta na fesawa a ƙarƙashin harshe ma ta daina fita da shi. Ina wurin aiki aka kira ni, wai ta faɗi a bus stop. Ta rayu, amma zuciyar ta yi rauni, yanzu ko matakalar flat ɗinmu sai ta huta a tsakiya.

A asibiti na faɗa mata gaskiya ina kuka. Sai ta ce, "Ni da na binne mahaifinki da 'ya'ya biyu, maganar likita ce za ta kayar da ni? Da kin faɗa mini, ai da na sha."

Har yau in wayata ta yi ƙara gabana sai ya faɗi. Na gane cewa ciwon nan zama ake yi da shi, kuma wanda bai san yana da shi ba ba zai kiyaye ba. Ku da kuke yi wa iyayenku tafinta, ku isar da abin da likita ya ce, komai ɗacinsa. Ranar nan na ɗauka Mama na tausaya wa, ashe kaina na tausaya wa, ita kuma ta biya da lafiyarta.