Tsohuwar da ke cikin akwatunan Kawu

Aikina shirya littattafai kafin a buga su. A Salaga nake zaune, a ɗakin da ke bayan rumfar doyar mahaifina. Ana turo mini rubutu ta kwamfuta, ni kuma in bi shi ina sa alamomin XML: nan babi ya fara, nan ya ƙare, wannan kuma akwati ne. Akwati shi ne ɗan bayanin nan da ake warewa gefen shafi a kewaye shi da layi. Masu bugawar da nake wa aiki suna da doka: in maganar wani ce a cikin akwati, sai an cike gurbin mai maganar, in ba haka ba manhajar ba ta karɓar fayil.

Kawuna, wan mahaifiyata, tsohon malamin dabbobi ne a Bawku. Da ya yi ritaya ya rubuta littafi kan kiwon zabi, ya nace ni zan shirya shi. Babobin suna da kyau, cike da sunayen cututtuka. Akwatuna sha ɗaya ne a ciki, kowanne ya fara da "Wata tsohuwa ta ce". A nan aka faɗi yadda ake sa kaza ta kwanta kan ƙwan zabuwa, da yadda ake kife tukunya a daji a tara wa ƙananan zabi gara.

Na kira shi. "Kawu, wace tsohuwa ce? Ana son a san mai maganar."

"Ki rubuta tsohuwa mana."

"Ita kaɗai ce, ko su sha ɗaya ne?"

Ya ce layin ba shi da kyau, ya kashe.

Bayan sati biyu na tashi zuwa Bawku wani suna. A Yendi, kafin mota ta cika, na buga shafukan a takarda. Washegarin sunan muka zauna a tsakar gida ina karanta masa. Inna, matarsa, tana gefe tana tsince gero. Da na kai akwati na uku, na ce, "Wata tsohuwa ta ce, in za ka kwashe ƙwai," sai ta ƙarasa ba tare da ta ɗago ba: "ka bar biyu, kada zabuwa ta sake sheƙa."

Ta ajiye faifan. "Malam, ni ce tsohuwar?"

"Kalmar girmamawa ce," in ji Kawu, yana duba takardar kamar yau ya fara ganinta.

"Ranar da aka kawo ni gidan nan kai da furfurarka na same ka."

Ya ce ai akwati wurin manya ne, ba kowa ake sawa ba. Ta juyo gare ni. "Ke, faɗa mini gaskiya. A gefe ya ajiye ni?"

Na ce, "A gefe ne, Inna. Amma yawancin mutane akwatin suke fara karantawa."

Kawu ya harare ni. Inna kuwa ta jawo kujerarta kusa, ta ce in karanta duka. A na bakwai ta tsayar da ni. Ya rubuta a saki ƙananan zabi da sassafe. Ta ce wanda ya yi haka zai kwashe gawa, sai raɓa ta bushe tukuna. Kawu ya ce kuskuren mai bugawa ne. Na tuna masa ba a buga littafin ba tukuna, ya ce to, nawa ne.

Da na koma Salaga na cike guraben da "matar marubucin", na gyara na bakwai, fayil ya wuce.

Yanzu ranar kasuwa Kawu yakan ɗauki littafin ya zauna wurin abokansa masu tumaki, ya karanta musu babin cututtuka. Suna saurara cikin ladabi. In ya gama sai su tambaye shi ko Inna tana gida.