Hannun Baba a Bakin Hita

Motarmu irin wadda ake jonawa a wuta ce, tana kuma da inji mai shan fetur. Idan ta kwana a caji, da safe shiru take tashi, ta yi ta tafiya da batir kaɗai har ya yi ƙasa, sannan injin ya karɓa. Lokacin zafi muka saye ta ni da maigidana, saboda haka babu wanda ya yi tunanin gwada hita. Shi tirela yake tuƙawa, yakan yi mako biyu bai kwana gida ba, don haka motar ta zama tawa. Ni nake shiga da ita daga Summerfield zuwa cikin Greensboro, inda nake aikin ɗibar jini a wani ɗakin gwaji.

A farkon sanyin shekarar mahaifina ya zo daga Kano aka yi masa aikin gwiwa. Makaniki ne, ya yi fiye da shekara arba'in a gareji kafin ƙafa ta zaunar da shi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa tun ina ƙarama ba ya kiran sunana, Uwata yake ce mini. Bayan aikin, likita ya rubuta masa gashin ƙashi sau uku a mako, ƙarfe takwas na safe. Na roƙi a mayar da aikina ƙarfe goma a waɗannan ranaku, aka yarda.

Ranar da abin ya fara, raɓa ta daskare a kan ciyawar ƙofar gida ta yi fari. Na taimaka wa Baba ya shiga gaba, na miƙe masa ƙafar, na sa sandarsa a baya. Na kunna hita har ƙarshe. Muka wuce gidan mai, muka hau babban titi, iskar da ke fitowa ba ta da bambanci da ta waje. Na ga Baba ya dafe gwiwar da hannu biyu. Da muka isa asibiti ƙafar ta sandare, sai da mai gashin ta daɗe tana ɗumama ta kafin ta iya lanƙwasuwa. Da muka fito za mu koma, na tayar da mota, zafi ya fito kamar babu abin da ya faru.

Washegari ta yi aiki. Rana ta uku ma ta yi. A rana ta huɗu ta sake ƙi.

Na kai ta garejin kamfanin da muka saya, can wajen Sedgefield, bayan na tashi daga aiki. Mutumin da ke karɓar motoci a kanta ya saurare ni da fara'a, ya rubuta, ya ce in zauna in sha kofi. Bayan awa ɗaya ya dawo da takarda ya ce sun jona ta a kwamfuta ba su ga komai ba, hita kuma tana aiki. Ya raka ni ya kunna, zafi ya bugi fuskata. Na yi godiya na tafi. Bayan mako biyu na koma, aka sake ba ni irin wannan takardar. A zuwa na uku ya zagayo ya zauna a kujerar direba, ya nuna mini maɓallan ɗaya bayan ɗaya a hankali, yadda ake nuna wa wanda bai taɓa shiga mota ba. Na bar shi ya gama. Ni da nake neman jijiya a hannun jariri kullum, an zaunar da ni ana koya mini inda ake danna ja da inda ake danna shuɗi.

Muka koma ɗaukar bargo da kwalbar ruwan zafi. Baba yakan ce in daina damuwa, ai tafiyar ba ta da nisa. Amma wata safiya, a kan siririn titin da ya ratsa gonakin dawakai, numfashinmu ya rufe gilashin gaba daga ciki. Na danna abin da ke share hazon, iska mai sanyi ta hau gilashin, hazon ya fara zama ƙanƙara. Cikin ɗan lokaci ban ga komai ba sai hasken fitilar wata mota da ke tahowa. Na sauke gilashin gefe, na leƙa kaina waje, na gangara da motar bakin wani shingen katako na tsaya. Na ciro katin aiki daga wuyana na hau kankare gilashin. Wani doki da aka lulluɓe da mayafi ya matso bakin shingen yana kallonmu.

Da na koma mazaunina Baba ya ce, "Uwata, kada ki tayar tukuna. Ina so in tambaye ki. Motar nan, yaushe injinta yake tashi?"

Na ce, "Sai batir ya yi ƙasa, Baba. Ko in na taka ta da ƙarfi."

"To yau bai tashi ba."

"Bai tashi ba."

"Duk ranar da muka sha sanyi, shiru take tafiya. Ban taɓa jin inji yana aiki an hana mu zafi ba. Ke kuma ƙarfe nawa kike kai ta wajen mutanen nan?"

Na ce da yamma, bayan aiki. Kafin in rufe baki na gane abin da yake nufi. Duk lokacin da na isa garejin, batir ya riga ya ƙare, inji ya yi ta aiki ya ɗumama ruwansa, rana ma ta sassauta sanyin. Lafiyayyar mota nake kai musu.

Na taɓa ganin wani maɓalli da ke tilasta wa inji ya tashi ko da batir a cike yake. Na danna shi a bakin shingen nan. Kafin minti biyar zafi ya fara fitowa, ƙanƙarar ta zube, muka isa gashi a makare.

Da na kira maigidana yana wani wajen hutawar direbobi a hanyar yamma. Ya ce, "To alhamdulillahi, ai an samu mafita. Ki riƙa danna maɓallin kawai."

Na ce, "Yanzu shi nake dannawa. Amma motar ba ta da lafiya, kuma garantinta bai ƙare ba. Sai sun gyara."

"Kin je sau uku fa."

"Zan je na huɗu."

Ya yi dariya ya ce ya san ni, Allah ya ba da sa'a.

Abin da ya rage mana shi ne mu gane dalilin da ya sa wata rana tana yi da batir, wata rana ba ta yi. A ranakun da babu gashi, bayan sallar asuba, mukan fito ni da Baba mu zauna a cikin motar a ƙarƙashin rumfa. Ya hana ni kunna rediyo. Yakan ɗora bayan hannunsa a bakin hita, ya sunkuyar da kai, ya ce in kunna. A safiya ta uku ya ɗaga yatsa.

"Kin ji?"

Ban ji komai ba. Ya sa na kashe na sake kunnawa, na kasa kunne sosai. Can ƙasa, ta bayan inda ƙafarsa take, wani abu ya yi ƙas, ƙarami kamar an karya tsinken ashana. Ba a jima ba zafi ya zo. Washegari an fi sanyi, muka kunna, babu ƙas, babu zafi.

Ya ce in buɗe masa bonet. Na ce akwai wayoyi masu launin ruwan lemo a ciki, wutarsu tana kisa, kada ya taɓa. Ya dube ni ya ce shi ma ya ga launinsu, kuma bai kai wannan shekarun da taɓa abin da bai sani ba. Ya jingina da sandarsa, ya bi tiyon ruwa da ido, ya taɓa ɗaya, ya taɓa na kusa da shi. Ya kama hannuna ya ɗora. Na farkon da ɗumi, na biyun kamar ƙarfen firji.

"Abin da ke dafa ruwan yana aiki," in ji shi. "Hanya ce ba a buɗe masa ba. Akwai bawul a tsakani, sanyi yana riƙe shi. Ban san motar nan ba, amma ruwa ruwa ne."

Na samu ƙaramin littafi na fara rubuta kowace safiya: sanyin da waya ta nuna, ko an ji ƙas, ko zafi ya zo. Da shafi biyu suka cika na koma garejin ba tare da an ba ni lokaci ba. Na gaya wa mutumin kanta abin da nake so. Zan kawo motar da yamma, a jona ta a cajinsu na waje, ta kwana a nan. Mukulli yana hannuna. Da safe zan zo kafin kowa ya taɓa ta, makanikinsu ya shiga ya zauna tare da mu. Ya ce ba haka suke aiki ba, mukulli a wajensu yake kwana. Na ce to a kira mini wanda zai iya cewa a yi hakan, zan jira. Na zauna a kujerar da ke fuskantarsa da littafina a cinya. Ya shiga ciki ya fito sau biyu. A na ukun ya ce an yarda.

Na bi hasashen yanayi na zaɓi ranar da aka ce za a fi sanyi. Wata Hajiya 'yar Maraɗi da muke haɗuwa a masallaci ta ɗauko ni daga garejin da yamma, ta kuma dawo da mu da sassafe, tana ta yi mana addu'a Allah ya sa mekanisiyan ɗin, wato makanikin, ya zama mai jin magana. Makanikin dattijo ne baƙar fata, mai furfura a gemu, ba shi da yawan magana. Ya shiga baya da kofinsa, Baba na gaba, ni a sitiyari. Na kunna.

Ƙas. Zafi ya fito.

Na kashe na kunna, na sake kashewa na kunna, zafi sai ƙaruwa yake. Mutumin kanta yana tsaye a bakin ƙofar gilashi yana kallonmu. Na ji idona ya cika, na ƙi bari ya zubo. Makanikin ya miƙo hannu ya karɓi littafin, ya karanta shafukan biyu har ƙarshe, ya mayar mini, ya fita.

A hanyar gida Baba ya ce, "Uwata, ko mu haƙura haka? Gashin ma ya kusa ƙarewa. Kina wahalar da kanki saboda ni."

Na ce, "Ba saboda kai kaɗai ba ne, Baba. Ni zan ci gaba da bin titin nan."

Bayan kwana shida aka sake hasashen sanyi mai tsanani. Na kira na ce zan sake kawo ta. Mutumin ya ja numfashi a waya, amma bai ce a'a ba. Na ji nauyin sake tayar da Hajiya, sai na kira motar haya ta waya. Da muka isa, gilashin motar ya yi fari fat, makanikin kuma yana tsaye kusa da ita da na'urarsa a hannu, ba wanda ya kira shi. Wannan karon ya jona na'urar tukuna, sannan ya ce in kunna.

Shiru. Muka jira. Iska mai sanyi tana hurowa a fuskokinmu, numfashinmu yana tashi. Baba ya ɗora hannunsa a bakin hita, ya juya ya dubi makanikin, ya nuna masa wajen. Shi ma ya miƙo hannu daga baya ya ɗora. Suka fita tare, Baba na dogara sanda, aka buɗe bonet. Na fito in yi musu tafinta, sai na ga ba a bukatata. Baba ya taɓa tiyo na farko, ya taɓa na biyu, ya dunƙule hannu ya nuna abu a rufe. Makanikin ya cire safar hannunsa ya taɓa, ya gyaɗa kai. Ya ɗauko ƙaramin sukundireba ya ƙwanƙwasa wani baƙin abu da gindinsa sau biyu, muka ji ƙas.

Ya tambaye ni aikin da mahaifina yake yi a gida. Na gaya masa. Ya ce in faɗa masa kwamfuta tana ganin an aika wa bawul ɗin umarni ya buɗe, amma ba ta da hanyar sanin ko ya buɗe ɗin. Na fassara. Baba ya ce in gaya masa a garejinsu ma akwai yara irin wannan bawul ɗin. Dattijon ya yi dariya har ya dafa mota.

Sai da aka yi kwana goma sha ɗaya kafin kayan gyaran su iso, suka ba ni wata mota na riƙa amfani da ita. Ranar da muka je karɓar tamu Baba ya nemi a ba shi tsohon bawul ɗin. Makanikin ya ce dole a mayar da shi kamfani, amma ya shigar da mu ciki, ya jawo wa Baba kujera kusa da teburin aikinsa, ya ɗora masa shi a hannu. Baba ya juya shi, ya girgiza a kunne, ya hura ta baki ɗaya, ya sa farce ya nuna wata 'yar roba da ta kumbura a ciki. Suka daɗe a kansa, kowa na magana da yarensa. Ni na koma kanta na sa hannu a takardu. Mutumin ya miƙo mini mukulli ya ce ya yi farin ciki da aka gano matsalar. Na ce ni ma haka.

Saura gashi huɗu a lokacin, duka muka je su da batir kaɗai, gwiwar na isa asibiti a sake. Baba bai yarda ya ce ta gyaru ba sai da aka yi wata safiya mai sanyi sosai ta yi aiki. Ya koma Kano ana saura mako biyu azumi, ya hau matakalar filin jirgi da ƙafarsa, ni ina biye da shi da jaka.