Bisimillar da ke Saman Takarda

Wani ɗan motsi na ji a kan farantin da nake tsince gyaɗa, kamar ƙadangare ya taka busasshen ganye. Takarda ce a naɗe, ta faɗo daga tsakanin azara. Wata amarya 'yar Zango, wadda ba ta daɗe da shiga ƙungiyarmu ba, ta riga ni kai hannu. Ta warware, ta ga Bisimilla a sama, ta kaɗe mata ƙura, ta rataye ta a ƙusar bango, a kan takardar da muke aiki da ita. Ko wace ce a cikinmu abin da za ta yi ke nan.

A shekarun da aka fara Shari'a ne muka haɗu, matan unguwarmu ta nan kusa da Kusugu, muna haɗa garin kunun yara da gero da gyaɗa da waken suya. Maigidana ya bar mana ɗaki guda. Da kyar muka samu lambar hukumar abinci, wadda idan babu ita shago ba ya karɓar kayanka. Sharaɗinsu kuwa, yadda ake aikin ya kasance a rubuce a bango, da kwanan wata da sa hannun shugaba, kuma duk ranar da aka canza wani abu, tsohuwar takarda ta bar ɗakin.

Ni ke rubutawa, da yake na yi sakandare. Amma takarda ba ta hawa bango sai ta bi ta hannun shugabarmu, wata dattijuwa da kowa ke kira Gwaggo. Da alƙalaminta na kara da tawadarta take zuwa, ta rubuta Bisimilla a sama, a hankali, tana motsa leɓe. Shi ya sa idan takarda ta tsufa ba mai iya jefa ta a shara. Sai a naɗe a cusa a azara, inda ƙafa ba ta kaiwa.

Wadda ta faɗo ta farko ce, tun lokacin da muke jiƙa wake mu shanya mu kai niƙa. Daga baya aka koya mana sai an soya shi sosai ƙarnin ya fita, in ba haka ba yana ɓata cikin yara. Ranar aikin amarya, ta karanta wadda ta gani a sama, ta bi ta tsaf. Garin ya fita kasuwa. Iyaye suka fara kukan cikin 'ya'yansu na kumbura, masu shago suka dawo mana da kaya. Amarya ta yi kuka har idonta ya kumbura, alhali abin da aka rubuta ta bi.

Jami'ar hukuma ta zo daga Katsina, matashiya ce cikin dogon hijabi. Ta tsaya gaban bango ta daɗe tana kallo.

“Gwaggo, limamai biyu a masallaci ɗaya? Wa mamu za su bi?”

Ba wadda ta yi dariya. Jami'ar ta ɗaga kai ta hango bakin wata takarda a azara, ta sa aka kawo turmi ta taka, ta dinga zaro su ɗaya bayan ɗaya, wasu gara ta ci gefensu.

“Duk waɗannan za a ja musu jan layi, a rubuta an soke, a yaga.”

“Yarinya,” in ji Gwaggo, “jan layi a kan sunan Ubangiji? Ina zaune?”

“Ni ma na yi allo, Gwaggo, ba daga sama na faɗo ba.”

“Da kin yi, da hannunki ya yi nauyi.”

Jami'ar ta sauko daga turmin ta kaɗe hijabinta. Muryarta ta yi sanyi. “Yaran da suka sha kunun nan ma na Ubangiji ne. Zan dawo. Idan na tarar da tsohuwar takarda ko guda a ɗakin nan, lambar ta tafi.”

A cikinmu akwai zawarawa, akwai masu marayu a gabansu, kuma garin nan ne abin hannunsu. Kowa ta san haka, Gwaggo ta fi kowa sani.

Maigidana ya tambayo mana malamin unguwa. Ya ce ya halatta a ƙona a wuri mai tsarki, ko a binne. Gwaggo ta ce wuta dai ba da ita ba. Kwanaki muna kai da kawowa, har wata safiya ta shigo da almakashi a ƙullin zaninta. Ta zauna a tabarma da alwalarta, tana yanke saman kowace takarda, tana miƙo mini ƙasan in ja layi. Yankakkun ta tara a farin ƙyalle, aka binne su a gindin darbejiyar bayan gida.

Jami'ar ta dawo, ta duba har azara, ta bar mana lambarmu.

Da na rubuta sabuwar takarda na kai wa Gwaggo kamar kullum. Ta buɗe tawada, ta tsoma alƙalami, sai ta tsaya.

“Ita ma wata rana za a canza ta ko?”

Na ce haka ne.

Ta goge bakin alƙalamin da gefen mayafinta, ta mayar da shi. Sa hannu kawai ta yi a ƙasa. Ban ƙara ganin tawadar nan a ɗakin ba.

Bayan mata sun watse na tsaya ina kallon farin da ke saman takardar, hawaye na zubo mini ban san dalili ba. Autata, wadda lokacin ba ta daɗe da shiga Islamiyya ba, ta dawo ta same ni a haka. Ta tambaya, na gaya mata iya abin da za ta gane. Ta dubi bangon, ta dube ni, ta kama bakin zanina.

“Umma, ki daina kuka. Kullum da safe zan zo in tuna muku ku faɗa da baki.”